Kofi biyar muka ci da yara, to ina suke shiga in sun girma?

Dan_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare muna wurin mai shayi ƙanena ya jefo mini wata tambaya da har yanzu take cina. Ya ce, "Yaya, wai da gaske ne duk duniya babu ƙasar da ta kai mu, wato Najeriya, cin kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17?" Na gyara zama na ce ƙwarai kuwa, sau biyar: 1985, 1993, 2007, 2013 da 2015. Barazil ma huɗu gare ta. Sai yaron nan ya ce, "To me ya sa manyanmu ba su taɓa wuce zagayen 'yan 16 a babban kofin duniya ba?" Na buɗe baki na rasa ta cewa, sai na ce ya sha shayinsa kada ya huce.

Abin da ya ƙara ɓata mini rai, gasar da aka yi a Katar a 2025 ƙasa 48 aka tara, Afirka ta samu gurbi goma, har Uganda ta je, amma babu yaranmu, Golden Eaglets. Tun bayan kofin 2015 sau ɗaya muka leƙa, a 2019, Holan ta koro mu. Ni dai a ganina kofunan nan ado ne kawai, ba su tsinana mana komai ba. Wanda ya ga na yi kuskure ya gyara mini.

Bazazzagi_77:
Wa alaikumus salam. Kai ma ka san amsar, kana dai so wani ya faɗa ne. Shekaru. Mu daina ɓoye-ɓoye. Ka ɗauki mai shekara 22 ka haɗa shi da ɗan 16, dole ya ture shi. In an zo wurin manya kowa ya girma, sai turewar ta ƙare.

Baba_Mai_Rediyo:
Dan_Fagge, ɗana, kalmar "ado" ɗin nan ta yi mini nauyi. Ku da kuka taso kuka tarar da kofuna a jere ba za ku gane ba. A 1985 ina aiki a Kaduna, lokacin gasar ta 'yan ƙasa da shekara 16 ce, kuma ita ce ta farko da FIFA ta shirya, a ƙasar Sin. Ba wanda ya sa mu a lissafi. Da aka ce yaranmu sun doke Jamus ta Yamma da ci 2 da nema a wasan ƙarshe, wallahi akwai wani dattijo maƙwabcinmu da ya ƙi yarda, ya ce mai labarai ne ya karanta a juye. Sai da aka maimaita da yamma sannan ya cire hularsa ya ce, "Ashe Bature ma ana cinsa." Kafin ranar babu wata ƙasar Afirka da ta taɓa ɗaga kofin duniya na FIFA kowane iri. Nduka Ugbade ne kyaftin, Sebastian Brodrick ne koci. Daga nan ne yaro a Tudun Wada ko Sabon Gari ya fara yarda cewa ƙwallon da yake bugawa ba takalmi za ta iya kai shi wani wuri. Wannan ba ado ba ne.

Kuma abin mamaki, Buhari ne shugaban ƙasa na soja a lokacin, makonni kaɗan kafin a kifar da shi. Da aka ci na biyar a 2015 shi ne dai a kan kujera, wannan karon da farar hula.

Dan_Fagge:
Allah ya ƙara girma Baba, na janye "ado". Amma tambayar yaron tana nan.

Malam_Lissafi:
Bari in sa abin a kan sikeli, don ina ganin ana yi wa wasu rukunai rashin adalci.

Rukunin 1993 da suka doke Ghana 2-1 a Japan, cikinsu akwai Nwankwo Kanu, Celestine Babayaro, Wilson Oruma da Mobi Oparaku. Bayan shekara uku su ne a cikin waɗanda suka ci zinare a gasar Olamfik ta Atlanta, suka doke Barazil 4-3, suka doke Ajantina 3-2. Kanu ya ci kofin zakarun Turai da Ajax a 1995, ya zama gwarzon Afirka sau biyu. Wannan rukuni ba su ɓace ba.

Na 2015 kuma ai muna ganinsu. Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10 a Chile, a 2023 ya ci gasar Italiya da Napoli ya zama gwarzon Afirka. Samuel Chukwueze ma a cikinsu yake. Na 2013 sun ba mu Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi da gola Francis Uzoho. Ko na 2009 da ba su ci kofi ba, Ogenyi Onazi da Kenneth Omeruo sun fito daga ciki, kuma da su aka ci kofin Afirka a 2013.

Inda maganar Dan_Fagge ta fi kama ƙasa shi ne 2007. Nan kam akwai abin dubawa.

Na_Gombe:
Malam_Lissafi ka manta ka ce Manu Garba namu ne ya ci na 2013. Ƙwallo 26 a wasa bakwai. Meziko mun ba ta 6-1 a rukuni, ta sake dawowa wasan ƙarshe muka ƙara mata 3-0. A riƙa ba mai haƙƙi haƙƙinsa.

Malam_Lissafi:
Ban manta ba, Na_Gombe, jira nake ka zo ka faɗa da kanka, na san ba za ka iya haƙuri ba.

Game da 2007: a wasan kusa da na ƙarshe mun doke Jamus 3-1, kuma Toni Kroos yana cikin fili. A wasan ƙarshe muka tashi canjaras da Sifaniya, muka cinye su a bugun fenareti, David de Gea ne a ragarsu. Macauley Chrisantus ya ɗauki takalmin zinare da ƙwallo 7. Bayan shekara bakwai Kroos ya ɗaga babban kofin duniya. Chrisantus kuwa Hamburg ta saye shi, ta riƙa ba da shi aro, daga nan ya shiga yawon ƙungiyoyi. Lukman Haruna, kyaftin ɗin, shi ne ya ɗan taɓa, ya je Monaco da Dynamo Kiev, ya buga kofin duniya na 2010. Rabi'u Ibrahim namu na Kano, wanda aka riƙa cewa shi ne magajin Okocha, ya bi ta Sporting, PSV, Celtic, sai daga baya ya samu wurin zama a Sulobakiya. Kocin ma, Yemi Tella, makonni kaɗan bayan ya kawo kofin ya rasu.

Bazazzagi_77:
To ka gani. Ka ba ni hujja da bakinka. Me ya sa Kroos ya ci gaba da hawa, namu suka tsaya cak? Domin shi a 2007 yanzu ya fara tsiro, namu kuwa wasunsu sun riga sun nuna. Kuma ba yau aka fara ba. A 1989 FIFA ta dakatar da mu shekara biyu daga gasannin matasa saboda ranakun haihuwar wasu 'yan wasa sun saɓa da abin da aka rubuta a baya, har ta ƙwace mana baƙuncin gasar 'yan ƙasa da 20 ta 1991. A 2009 da aka kawo na'urar gwajin ƙashi 'yan wasa 15 aka sallama daga sansani. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum maƙwabta. Na ga ana ta lissafi an tsallake 2016, na ce bari in taimaka muku, kada mantuwa ta yi yawa. Kuna riƙe da kofin duniya, aka haɗa ku da Mena ƙanana, yaranmu na Nijar, a wasan neman gurbi. Ana gab da wasa na'ura ta zubar muku da yara 26. Kuka lallaɓa kuka ci mu 1-0 a Abuja, kuka zo Yamai muka ba ku 3-1. Shi ke nan mai kofi ya zauna gida. Mu kuma muka wuce Gabon, daga can sai Indiya a 2017, karonmu na farko a kowace gasar duniya ta FIFA. Muka ci Koriya ta Arewa 1-0, muka fito daga rukunin da ke da Barazil da Sifaniya. Ranar a Zinder har masu kabu-kabu sun ɗauki mutane kyauta a unguwarmu.

Dan_Fagge, Bakano, in kana neman wanda zai koya muku ƙwallo ka hau mota ka zo, ba nisa.

Dan_Fagge:
Kai Badamagare, sau ɗaya kuka ci tuwon gidan sarki shekara nawa kuna lasar hannu. Zuwa ɗaya fa! Mu wasan ƙarshe kaɗai sau takwas muka buga.

Zango_Kumasi:
Dan_Damagaram ka ƙarasa labarin mana. Wa ya koro ku daga Indiya? Black Starlets namu na Ghana, 2-0.

Amma barin wasa, ciwon nan ba na Najeriya kaɗai ba ne. Mu ma mun ci na 'yan 17 sau biyu, 1991 da 1995. Nii Lamptey da ya zama gwarzon gasar 1991, duniya ta ɗauka shi ne zai gaji Pele, ƙarshe yawo ya yi ƙasa-ƙasa. A 2009 muka ci na 'yan ƙasa da 20 a Masar, muka doke Barazil a fenareti, abin da ku ba ku taɓa yi ba, ku yi haƙuri. Dominic Adiyiah ya haɗa ƙwallon zinare da takalmin zinare, AC Milan ta ɗauke shi, bai taɓa buga mata wasan gasa ba. To shi ma shekaru ne? A cikin rukunin nan dai André Ayew ya fito ya yi shekaru yana bugawa a sama. Ni ina ganin inda yaro ya faɗa bayan gasar ya fi komai.

Mai_Hoton_Kashi:
Tunda aikina ya shafi na'urar, bari in ɗan yi bayani, domin mutane suna ɗauka tana karanta ranar haihuwa ne kamar katin asibiti. Ba haka ba ne. Wuyan hannu ake ɗauka hoto. A ƙarshen dogon ƙashin hannu akwai wani wuri mai taushi inda ƙashin ke ƙara tsawo. Yayin da yaro ke girma wurin yana haɗewa a hankali har ya rufe. An kasa shi mataki shida. Wanda nasa ya kai mataki na shida, wato ya rufe ruf, shi ake cirewa.

Matsalar ita ce jiki ba ya tafiya da kalanda ɗaya. Akwai ɗan shekara 16 na gaskiya da nasa ya rufe da wuri, a kore shi yana kuka kuma bai yi ƙarya ba. Akwai mai 19 da nasa bai gama rufewa ba, ya wuce abinsa. Abin da na'urar ta yi mana shi ne ta toshe ƙofar masu gemu. Ba ta warware komai da komai ba. Kamaru ma da Samuel Eto'o ya sa aka gwada nasu, 21 cikin 30 suka faɗi.

Kuma Bazazzagi, ka lura da abu ɗaya: kofin 2013 da na 2015 duk bayan zuwan na'urar aka ci su.

Bazazzagi_77:
Na ji, kuma na karɓa rabi. Amma kai da kanka ka ce mai 19 yana iya wucewa.

Uwar_Gola:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba masaniyar ƙwallo ba ce, ɗana ne ya ja ni ciki. Kuna ta maganar ƙarya kamar kullum da gangan ake yi. Ni kaina ban san ranar da aka haife ni ba, mahaifiyata cewa take "shekarar da aka yi fari, bayan Sallar layya." Da zan shiga makarantar gaba da sakandare aka ce in je in yi takardar rantsuwa a kotu, mai rubutawa ya dube ni ya zaɓa mini 1 ga Janairu. Rabin ajinmu 1 ga Janairu aka haife mu. To yaron ƙauye da aka haifa a ɗaki, ba kati ba rajista, in ya zo sansani me zai nuna?

Nawa dai a asibiti na haife shi, takardarsa tana cikin akwatina a cikin leda. Shekararsa 15. Amma watan jiya ya dawo daga fili ya ce mini wani ya ba shi shawara ya "ajiye" shekara biyu tun yanzu, wai kowa haka yake yi, in bai yi ba zai tsufa kafin a gan shi. Na ce in ka ajiye su a ina za ka ɗauko su? Ya yi dariya, amma na ga abin ya zauna masa a rai.

Koci_Tudun_Wada:
Hajiya, Allah ya raya mana shi. Ki riƙe takardar nan da kyau, kuma kada ki bar kowa ya karɓi asalinta, kwafi kawai.

Ni shekarata 19 ina tara yara a filin makarantar firamare, ba albashi, ƙwallo ma karo-karo muke yi mu saya. Bari in gaya muku abin da nake gani da idona. Dalilin da ya sa yaro ke rage shekaru shi ne ba a ganinsa da wuri. A Turai ɗan shekara 9 yana da ƙungiya, yana da koci mai takarda, yana buga gasa duk mako, sunansa da ranar haihuwarsa suna cikin kwamfuta tun daga ranar. Kafin ya kai 17 ya buga ɗaruruwan wasanni na gaske. Namu yana 9 yana tallan ruwa da rana, da yamma ya buga a lungu. Sai ya kai 19 ko 20 wani ya ce kai, yaron nan ya iya. A lokacin ƙofar 'yan 17 ta rufe, kuma ita ce kaɗai ƙofar da dillalan Turai ke tsayawa a bakinta. To me kuke so ya yi? Ba ina wanke shi ba ne, ina nuna muku inda ruwan ke shigowa.

Da akwai gasar makarantu mai ƙarfi. Kofin Ramat da ake yi a Kano ya fito da yara da yawa. Amma gasar mako ɗaya ko biyu a shekara ba ta gina ɗan wasa. Ƙungiyoyinmu na firimiya nawa ne ke da rukunin yara na dindindin, masu atisaye kullum, ba waɗanda ake tarawa in an ce za a zo dubawa ba?

Na taɓa kai wani yarona wurin tantancewa a wani gari, ba zan faɗi ko ina ne ba. Mun kwana a tasha. Yara sun fi ɗari huɗu, fili ɗaya. Aka ba shi minti goma sha biyar, ya taɓa ƙwallo sau huɗu, ɗaya ya ba da aka ci. Da muka fito wani mutum ya ja ni gefe ya ce yaron ya yi, amma "wa ke tsaya masa?" Na ce Allah. Ya ce to Allah ya ba da sa'a. Yanzu yaron yana gyaran waya a kasuwa, in na wuce ya kan ce, "Koci, kawo in sa maka gilashi kyauta."

Dan_Fagge:
Koci wannan labari ya kashe mini jiki. Wato kafin ma a kai ga waɗanda suka ci kofi suka ɓace, akwai waɗanda ba a bari sun shiga ba.

Malam_Lissafi:
Akwai kuma abin da ke faruwa washegarin cin kofin, wanda Zango_Kumasi ya taɓo. Dokar FIFA ta hana a sayar da yaro zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi. To yaro ya ci kofi yana 16 ko 17, ba shi da ƙungiyar kirki a gida, sai ya zauna jiran ranar haihuwa, dillalai uku kowa na cewa nasa ne. In ya tafi kuma sai a zaɓa masa ƙungiya mai babban suna maimakon inda zai buga. Kelechi Nwakali shi ne gwarzon gasar 2015, ba Osimhen ba, mutane suna mantawa. Arsenal ta saye shi, bai taɓa buga mata wasan gasa ba, aro kawai. Awoniyi shekara shida yana Liverpool a takarda, babu izinin aiki a Ingila, sai aro daga Jamus zuwa Holan zuwa Beljiyam, sai da ya koma Union Berlin sannan ya samu kansa. Osimhen kansa a Wolfsburg bai ci ƙwallo ko ɗaya ba. Da bai samu Charleroi ta karɓe shi ba, da wataƙila yau cikin waɗanda suka ɓace muke lissafa shi. Sani Emmanuel da ya zama gwarzon 2009 ya tafi Lazio, daga nan labari ya yi sanyi.

Kofar_Mata_Boy:
Da kuka ambaci 2009 kun tuna mini. Ina aji biyu na sakandare muka gudu daga makarantar Islamiyya muka tafi filin Sani Abacha kallon Sifaniya. Ba mu san kowa a cikinsu ba, yara ne sirara, wasu ma ba su kai yayana tsawo ba. Abin da na riƙe shi ne ƙwallon ba ta daɗewa a ƙafar kowa, taɓa ka ba, taɓa ka ba. Sai bayan shekaru ina gidan kallo na ga Isco da Morata da Koke, aka ce ai suna cikin waɗanda suka zo Kano. Na ce ikon Allah, ashe na gan su a kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Kuma mu muka fitar da su a Legas, 3-1.

Bulalar da na sha a gida ranar ba a magana.

Na_Gombe:
Wasan ƙarshen 2009 ne ni har gobe ba na so a tuna mini. A Abuja, fili cike, Suwizalan da ba ta taɓa zuwa gasar ba ta zo ta ci mu 1-0 da ka. Seferovic. Sunan nan ba zan manta shi ba.

Zango_Kumasi:
To ga abin dubawa a nan. A gasar nan ta 2009 Barazil da Neymar da Coutinho da Casemiro da Alisson ko rukuni ba su fito ba. Wa ya kore su daga aiki? Ba wanda ya ce sun gaza. Su a wurinsu gasar makaranta ce, mu a wurinmu ita ce jarrabawar ƙarshe. Kocin yara a nan in bai kawo kofi ba an sallame shi, don haka dole ya nemi wanda zai ci masa yau, ba wanda zai yi kyau nan da shekara biyar ba.

Baba_Mai_Rediyo:
Wannan magana ta Kumasi ita ce. Amma ku bar ni in ɗan karkata, tunda an taɓo 'yan ƙasa da 20 ɗazu an ce ba mu taɓa ci ba. Gaskiya ne, sau biyu muka je wasan ƙarshe, 1989 Fotugal ta ci mu, 2005 Messi ya ci mu da fenareti biyu. Amma wanda bai ji wasan Dammam na Saudiyya a gasar 1989 ɗin ba bai ji ƙwallo ba. Tarayyar Sobiyet ta ci mu huɗu ba ko ɗaya, saura kamar rabin sa'a. Na kashe rediyo na tafi alwala. Ina dawowa na ji ihu daga gidan maƙwabta, na kunna, 4-2. Kafin in zauna 4-3. Wanda ya farke ta huɗun shi ne Ugbade ɗin nan dai na 1985. Muka cinye a fenareti. Tun ranar ban ƙara kashe rediyo ana wasa ba, ko ana cinmu goma.

Bazazzagi_77:
Baba, Ugbade ɗin ne kuma koci a 2023 da Burkina Faso ta fitar da mu a Aljeriya ta hana mu zuwa kofin duniya. Duniya juyi-juyi.

Shugaban_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya. Kuma wanda ya turo hoton wani ɗan wasa yana cewa a ƙirga masa shekaru, na goge. Ba mu da hujja a kan kowa, ba za a ci mutuncin ɗan mutane a zauren nan ba.

Malam_Lissafi:
Ranka ya daɗe, gyara ɗaya kan rashin zuwanmu na kwanan nan, don kada a ɗora wa na'ura komai. Yanzu CAF, hukumar ƙwallon Afirka, shiyya-shiyya take tankaɗe kafin a je gasar Afirka. Shiyyarmu akwai Ghana, Kwadebuwa, Burkina Faso, Nijar, Benin da Togo, kuma gurbin kaɗan ne. A na 2025 Burkina Faso da Kwadebuwa ne suka wuce, mu da Ghana muka zauna. Ƙasashen nan sun zuba ƙarfi a makarantun ƙwallo, Mali da Senegal ma haka, Maroko kuwa ba a magana. Ba wai mu kaɗai muka ja baya ba, su ma sun matso.

Dan_Damagaram:
Wato dai kun yarda yanzu sai kun roƙe mu hanya.

Koci_Tudun_Wada:
Ni da za a tambaye ni, da na ce a bar maganar kofi na shida tukuna. Tunda FIFA ta mayar da gasar duk shekara, ba za ka iya tara yara wata biyu kafin wasa ka ce ka haɗa ƙungiya ba. A yi wa yara rajista tun suna 10, kowace jiha ta yi gasar 'yan 13 da 'yan 15 da za a riƙa bugawa duk Asabar. Ko mun sha kashi shekara biyar ba komai.

Na_Gombe:
Koci kana faɗa ne kawai. Ranar da Togo ta ci mu, kai ne na farko da za ka zo nan ka ce a kori kowa.

Dan_Fagge:
Na karanta duka. Na nuna wa ƙanen nawa, ya karanta har ƙasa, ya ɗago ya ce, "To Yaya, su Osimhen ɗin ai sun girma, kuma ba su ɓace ba. Me ya sa da su ɗin ma Ghana ta hana mu zuwa babban kofin duniya na Katar a 2022?" Wallahi yaron nan sai na daina fita da shi shan shayi. Malam_Lissafi, wannan taka ce.

Zango_Kumasi:
A'a, wannan tawa ce. Ku ba ni minti biyar in yi sallah in dawo, ina da bayani dalla-dalla, har da minti nawa ɗan wasanmu Partey ya ci ku.

Uwar_Gola:
Koci_Tudun_Wada, don Allah ƙarfe nawa kuke fara atisaye ranar Asabar? Kuma kuna karɓar masu tsaron raga, ko sun yi muku yawa?